LITTATTAFAN MASHAHURAN MUTANE: WA YA FAƊA, WA YA RUBUTA?

Duk wanda ya girma a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa kafin karatun yaƙi da jahilci ya bazu, ya san malamin wasiƙa. Yana zaune a bakin gidan waya ko ƙofar kasuwa, da ɗan teburinsa da takardu da ambulan. Tsohuwa ta zo ta zauna gabansa, ta ce a rubuta wa ɗanta da ke ci-rani a Abijan ko Kumasi. Ita ta faɗa, shi ya rubuta. In maganarta ta yi tsawo ya gajarta, in ta yi zafi ya sanyaya, ya kuma ƙara wata gaisuwa wadda ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba. Ran da takarda ta isa, ɗan ya ce wa abokansa Inna ta aiko masa da wasiƙa. Ba mai tuna malam.

To, jama'a masu karatu, wannan sana'a tana nan da ranta, har ta yi arziki. Ta tashi daga bakin gidan waya ta shiga manyan kamfanonin buga littattafai na Paris da Landan da New York. Masu zuwa wurinta yanzu su ne shugabannin ƙasashe, da ƴan dambe, da ƴan ƙwallo, da mawaƙa, da ƴaƴan sarauta. Kowace shekara ana fid da littattafai masu ɗimbin yawa ɗauke da sunayen irin waɗannan mutane, wasu tarihin rayuwarsu, wasu ƙagaggun labaru. Kaɗan daga ciki suna isowa hannunmu da Faransanci, saura kuwa labarinsu mu ke ji a rediyo. Mun koyi karatu ne domin kada a riƙa karanta mana abin da ba shi ke cikin takarda ba. Saboda haka ya kamata mu san yadda a ke yin waɗannan littattafai, da irin kunnen da ya dace mu saurare su da shi.

Suna ne a ke fara saye

Mai buga littafi ɗan kasuwa ne. Yana zuba kuɗi wajen takarda da tawada da ladan ma'aikata tun bai san ko hajarsa za ta shiga ba. In marubucin baƙo ne, wanda ba a taɓa jin sunansa ba, sai an sha wahalar talla, wani lokaci kuma a tashi da hasara. In kuwa sunan da ke bangon littafin sananne ne a kowane gida, an riga an gama rabin talla. Don haka ne kamfanoni su ke tsere wajen biyan mashahurin mutum kuɗin kafin alƙalami.

A shekara ta 2017 jaridun Amurka da na Ingila sun ba da labarin cewa kamfanin Penguin Random House ya amince ya biya tsohon shugaban Amurka Barack Obama da matarsa Michelle wajen dalar Amurka miliyan 65 saboda littattafansu, watau abin da ya haura miliyar 30 na kuɗin sefa. Littafin matar, mai suna Becoming, ya fito a watan Nuwamba na 2018, kuma kafin ƙarshen watan Maris na 2019 an sayar da kusan miliyan 10. Ran 10 ga Janairu 2023 littafin Yarima Harry, ƙaramin ɗan Sarkin Ingila, ya shiga kasuwa. A wunin farko kaɗai an sayar da fiye da miliyan 1 da dubu 400 a Ingila da Amurka da Kanada. Waɗanda suka saya ran nan ba su karanta shi ba tukuna. Sunan Yarima suka saya, da kwaɗayin jin asirin fada.

Ke nan yawan ciniki girman suna ya ke nunawa. Ingancin littafi kuwa sai an buɗe an karanta.

Mai ba da aron alƙalami

Rubuta littafi aiki ne na watanni, wani lokaci na shekaru. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a filin ƙwallo ko a dandalin waƙa ba lalle ne ya iya zama ya tsara shafi 400 ba, shugaban ƙasa kuma ba ya da sukunin yin haka. Sai kamfani ya haɗa shi da wani gwanin rubutu. Gwanin nan ya zauna da shi mako da makonni, da na'urar ɗaukar magana, yana yi masa tambayoyi. Ya karanta tsofaffin wasiƙu da jaridu, ya zanta da dangi da abokan ƙuruciya. Sa'an nan ya koma ɗakinsa ya rubuta, yana cewa "ni", alhali ba kansa ya ke nufi ba. In ya gama babi ya kawo, mai labari ya soke abin da ba ya so, ya ƙara abin da ya tuna. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ke faɗin ko sunan gwanin zai fito a bango, ko a cikin godiya, ko kuwa ba zai fito ko'ina ba. Littafin Yarima Harry wani Ba'amurke ne mai suna J. R. Moehringer ya rubuta shi, shi da kansa kuma ya bayyana yadda aikin ya gudana a wata mujallar New York.

Ma'aikatan da suka yi makarantar Faransanci sun san mugun sunan da a ke kiran irin wannan marubuci da shi a da, sunan da a ke kiran baƙin bawa, watau mai yin wahala wani ya ci riba. Sai a 2017 ma'aikatar al'adu ta Faransa ta ba da shawarar a bar shi, a riƙa cewa prête-plume, ma'ana mai ba da aron alƙalami. Al'adar kuwa tsohuwa ce. Alexandre Dumas, wanda ya fid da Les Trois Mousquetaires a 1844, tare da wani mai suna Auguste Maquet ya yi aikin. Daga baya Maquet ya kai ƙara gaban alƙali. Ya sami haƙƙin kuɗi, bai sami suna a bango ba.

Ɓoye mai alƙalami yakan jawo abin kunya. A 1957 aka ba John Kennedy, yana sanata a lokacin, babbar kyautar Pulitzer saboda littafinsa Profiles in Courage. Tun a shekarar wani ɗan jarida ya ce ba shi ya rubuta ba, gidan Kennedy suka yi barazanar kai ƙara, magana ta kwanta. Sai a 2008 mai rubuta masa jawabai, Ted Sorensen, ya faɗa a cikin nasa littafin cewa shi ya yi rubutun farko na akasarin babukan. Shekara 51 ke nan tsakani.

Amma fa kada a ɗauka duk littafin da aka yi da taimako ƙarya ne. Tarihin Kwame Nkrumah, wanda ya fito a 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, sakatariyarsa Erica Powell ta taimaka ƙwarai wajen rubuta shi, kuma ba wanda ya ce labarin ba na Nkrumah ba ne. Nelson Mandela ya fara nasa wajen 1975 a kurkukun tsibirin Robben. Da dare ya ke rubutu, abokan ɗaurinsa su kwafe da ƙananan baƙaƙe. Suka binne ainihin takardun a lambun gidan yari, masu gadi suka tono wani sashe, aka hana shi karatu har shekara 4. Kwafin kuwa Mac Maharaj ya fita da shi a ɓoye sa'ad da aka sake shi a 1976. Bayan Mandela ya fito, ɗan jarida Richard Stengel ya zauna da shi suka kammala, littafin Long Walk to Freedom ya fito a 1994. Hannun Stengel yana ciki, amma shekara 27 na ɗauri Mandela ne ya yi su.

Haɗarin da ke akwai shi ne gwani ya ƙara gishiri. Muhammadu Ali, zakaran damben duniya, ya fid da The Greatest a 1975, shekara guda bayan ya ka da George Foreman a Kinshasa. Richard Durham ne ya rubuta, wadda ta gyara kuwa ita ce Toni Morrison, da ta sami kyautar Nobel ta adabi a 1993. A ciki an ce bayan Ali ya dawo daga wasannin Olimpik na Roma na 1960, wani gidan abinci na farar fata ya ƙi sayar masa da abinci, sai ya jefa lambarsa ta zinariya cikin kogin Ohio don fushi. Labarin ya zaga duniya. Daga baya wasu na kusa da shi suka ce lambar ɓata ta yi. Wariyar launin fata da Ali ya sha gaskiya ce, ba mai musunta. Sai dai an ɗora wa gaskiya wani kaya da ba ta bukata, kuma har gobe akwai masu maimaita labarin kogin tamkar sun gani da idonsu.

Dorugu na Dambanas da Baba ta Karo

Mu a ƙasar Hausa mun san wannan al'amari ta wata fuska dabam. Wajen shekara ta 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka sayar da shi, ya faɗa Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu ya bi abokinsa Heinrich Barth. Suka ratsa Zinder da Sakkwato da Say har Tambutu, suka ƙetare hamada, suka isa Landan a 1855. A Ingila wani limamin Kirista mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya zaunar da yaron, ya sa shi ya faɗi tarihinsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Aka buga labarin a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Yana cikin tarihin kai mafi daɗewa da mu ke da su a rubuce da harshenmu. Sunan da ke bangon littafin kuwa na Schön ne.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1949 da 1950, wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a lardin Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta: zamanin hari da bauta, zuwan Nasara, aure da kishi da goyo da ƙawance. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954, da Faransanci a 1969. Ita dai an sa sunanta ya zama sunan littafin, amma ba ta rayu ta ga ko shafi ɗaya ba.

A duba fa yadda abin ya juya. Inda mai faɗa talaka ne, sunan mai rubutu ya hau bango. Inda mai faɗa babban mutum ne, mai rubutu ya ɓuya. A duka biyun mutum biyu ne suka yi aiki, wanda ya fi ƙarfi ya ɗauki suna. Don haka tambaya ta farko da mai karatu zai yi, in littafi ya zo hannunsa, ita ce wa ya faɗa, wa ya rubuta. Amsar takan kasance a shafin godiya, wanda yawancinmu mu ke tsallakewa.

Shaidar ɓangare ɗaya

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su ne kuma suka ce yabon kai jahilci. Littafin tarihin kai yana tsakanin waɗannan karin magana biyu. Ko da mutum shi ya riƙe alƙalami da hannunsa, tun daga bisimilla har tammat, abin da ya ga dama ya ke faɗa.

Winston Churchill ya rubuta tarihin yaƙin duniya na biyu cikin juzu'i 6, tare da ƙungiyar masu bincike da ke tattaro masa takardu, ya kuma sami kyautar Nobel ta adabi a 1953. Amma ko kusa bai ambaci cewa Ingila tana karanta saƙonnin asiri na sojojin Jamus ba, domin sirrin gwamnati ne. Sai a 1974 aka fallasa wannan, masana tarihi suka koma suka sake auna abubuwa da yawa da ya danganta ga hangen nesa. Janar de Gaulle da hannunsa ya ke rubutu a gidansa na Colombey, ƴarsa Elisabeth ta buga da keken rubutu. Juzu'i 3 na Mémoires de guerre sun fito a 1954 da 1956 da 1959, masu jin Faransanci kuma sun shaida gwanintarsa. Duk da haka hoton da ya ke so a riƙa tunawa da shi ne ya zana.

Ga misali da ya shafe mu kai tsaye. Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, de Gaulle ya ba da labarinta a Mémoires d'espoir, wanda ya fito a 1970, yadda a ke hangenta daga Paris. Djibo Bakary, shugaban Sawaba, wanda ya yi kiran a ce a'a, ya ba da nasa a 1992 cikin littafinsa Silence ! On décolonise. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya kamar alƙali ne da ya saurari mai ƙara ya yanke hukunci tun wanda a ke ƙara bai iso ba. Haka nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fid da My Life, watau Rayuwata, a 1962, yana kan mulkin jihar Arewa ta Najeriya. Littafi ne mai amfani ga mai son sanin yadda ya ke kallon kansa da gidansu, amma abokan hamayyarsa na Kano da Ikko suna da tasu maganar.

Abin ma ya girmi zamanin boko. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta Infaƙul Maisuri da Larabci a 1812, shekara 5 kafin ya zama Sarkin Musulmi. Shi ne babban tushen abin da a ke sani game da yaƙoƙin jihadi, domin da shi aka yi su. Amma jikokin Gobirawa da Katsinawan da suka kafa Tsibiri da Maraɗi suna da nasu tarihin a bakin makaɗa da dattawan fada, kuma ba ko'ina ne ya yi daidai da na Bello ba. Abin yabo ga Bello shi ne ya sa wasiƙun Shehu Laminu na Barno a cikin littafinsa, alhali kuwa suka ne ga jihadin. Kaɗan ne cikin masu mulki su ke bai wa abokin gardama wuri a shafinsu.

Saboda haka tambaya ta biyu ita ce: me ya sa wannan mutum ya rubuta a wannan lokaci, me kuma ya yi shiru a kansa? Wani zaɓe ne ke gabansa. Wani ya sauka, yana neman wanke kansa. Wani bashi ne ya yi masa yawa. Wani kuwa ya ga mutuwa ta matso, yana son ya bar amana. Duk shaidu ne, ba a korar kowa, amma sai an gwada maganar wannan da ta wancan.

In babba ya ce zai ƙaga labari

Tarihin kai yana da jari tun daga farko, domin rayuwar mai shi ta ƙunshi abin ji. Ƙagaggen labari kuwa ba ya san sarki ba. Sai an iya gina mutane, a sa su yi magana kamar masu rai, a riƙe mai karatu har shafin ƙarshe. Muƙami ba ya koya wa mutum wannan.

Masu mulki da dama sun yi sha'awar a kira su marubuta. A 1978 aka fid da littattafai 3 na tunawa da baya da sunan Leonid Brejnev, shugaban Tarayyar Sobiyet, waɗanda ƴan jarida suka rubuta masa. Aka buga miliyoyi, aka sa ƴan makaranta su karanta, a 1979 aka ba shi kyautar Lenin ta adabi. Da ya rasu a 1982 ba a daɗe ba ƙura ta rufe su. Mu'ammar Gaddafi ya fid da gajerun labaru. A Iraƙi, a shekara ta 2000, wani labarin soyayya mai suna Zabiba da Sarki ya fito ba sunan marubuci, kowa kuwa ya san na Saddam Husaini ne, kuma ba jaridar Bagadaza da ta isa ta kushe shi. Yabon da aka yi don tsoro ba ya wuce ranar mai shi. A Faransa, inda ba a tsoron faɗa, tsohon shugaba Giscard d'Estaing ya fid da labarin Le Passage a 1994, masu sharhi suka yi masa ba'a son ransu. Bill Clinton shi ya ɗauki hanya mai sauƙi: a 2018 ya haɗa kai da gwanin labaru James Patterson, aka sa sunayensu biyu a bango, kowa ya san abin da ya ke saye.

Sai mu dubo gida. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labaru da Hausa. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani saurayi malamin makaranta a Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarinsa, Shaihu Umar, na wani yaro ne da aka sace, bauta ta ƙetarar da shi hamada, uwarsa ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. An buga shi a 1934. Marubucin bai zama firayim ministan Najeriya ba sai a 1957. Watau littafin ya girmi sunan da shekara 23, bai ci albarkacin kujera ba. An fassara shi da Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi silima a 1976, kuma har yanzu ana karanta shi, alhali mai shi ya bar duniya tun Janairu 1966.

A nan Nijar muna da Boubou Hama, wanda aka haifa a Foneko ta ƙasar Tera a 1906. Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya rasu a 1982. Littafinsa Kotia-Nima, mai juzu'i 3, labarin yaron ƙauye ne da aka kai makarantar Nasara, ya tashi tsakanin hikimar kakanninsa da ilmin Turai. Ya sami babbar kyautar adabin baƙar Afirka saboda shi. Da ya yi littattafan yara tare da Bafaransa Andrée Clair, sunayensu biyu aka sa. Muna da Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da ɗauri, wanda ya fid da Sarraounia a 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da shi silima, ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987. Muna kuma da Damouré Zika, ma'aikacin jinya kuma tauraron finafinan Jean Rouch, wanda ya riƙa rubuta abin da ya gani a tafiye-tafiyensa, aka tattara aka buga a Paris a 2007.

Ma'aunin dai guda ne, shi ne kuma tambaya ta uku: in aka rufe sunan da ke bango da tafin hannu, littafin zai iya tsayawa da ƙafarsa? Shaihu Umar ya tsaya. Na Brejnev sun faɗi tun kafin a ɗauke hannu.

Namu mashahuran fa?

Turawa damuwarsu ita ce littattafan mashahurai sun yi yawa, har suna tare wa ƙananan marubuta hanya. Mu tamu damuwar akasin haka ce. Pele ya bar littafi, Miriam Makeba ta bari, Didier Drogba da Angélique Kidjo sun yi nasu. Mu kuwa akasarin waɗanda sunansu ya cika ƙasar nan sun tafi da labarinsu kabari. Wa bai san Kantu na Maraɗi ba, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975? Wa bai san Salma Ɗan Rani da Kadade ba, ko Ɗan Gurmu, ko Ma'azu Ɗan Alalo, ko Alhaji Taya? Muna da kirarinsu, muna da muryoyin mawaƙan a faifai. Amma yadda ɗan kokowa ya ke shirin gasa, wa ya koya masa, me ya ji ran da aka ka da shi gaban garinsu, yadda makaɗi ya ke zama da sarki in sun ɓata, irin wannan sai a bakin mai shi. Mamman Shata ya rasu a 1999, sai a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fid da tarihinsa. Aiki ne mai kyau, amma ba kowa ne zai sami masu yi masa haka ba.

Ba sarakuna da mawaƙa kaɗai ba. Tsofaffin sojoji, da ungozomomi, da madugan da suka bi ayarin Bilma, da malaman da suka buɗe ajin yaƙi da jahilci na farko a ƙauyukansu, da waɗanda suka raba hatsi a yunwar 1973 da ta 1984, kowanensu sananne ne a yankinsa, kowane kuma yana riƙe da wani yanki na tarihin ƙasa. Wurin ajiya akwai. Cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka tana Yamai tun 1968, cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta jami'a kuma tana riƙe da tsofaffin takardun Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zama su saurara su rubuta.

A nan ne aiki ya faɗo kan wanda ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci. Ba ya bukatar kamfanin Paris. Littafin rubutu na ƴan makaranta ya isa, da alƙalami, da wayar hannu mai ɗaukar magana in akwai. Sai dai a kiyaye abin da labarun nan suka koya mana. A rubuta da harshen da dattijo ya yi magana, da kalmominsa, kada a yi masa kwalliya irin ta malamin wasiƙa. In an gama a karanta masa, ya gyara da bakinsa. Inda ya ambaci shekara ko wani babban al'amari, a tambayi wani tsararsa, in sun saɓa a rubuta duka biyun. Kada a shafe maganar da aka ɗauka, domin ita ce shaida. A shafin farko kuma a sa suna biyu: wane ya faɗa, wane ya rubuta, a gari kaza, ran kaza. Ma'aikatan jihohi da na gundumomi su ma suna da rabonsu, domin su ne za su iya tattara waɗannan littattafai, a kwafe su, a ajiye inda gara da ruwan sama ba za su ci su ba.

Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 wasu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fid da labarinsa tare da bayyana shi a matsayin mai shi. Wancan zamani ba mu da masu rubutun boko, sai baƙo ya zo ya riƙe mana alƙalami. Yanzu akwai su a kowane gari. Dattawan da ke zaune gindin bedi a unguwarku ba za su jira shekara ɗari ba.

Allah ya ba mu ikon yi, ya jiƙan magabata, amin.